Ceɗiyar Bayan Katanga

Ni na sa aka sare ceɗiyar gidanmu, kuma har yau idan aka tambaye ni ina da hujja. Saiwoyinta sun tsaga katangar gabas, sun ɗaga daɓen tsakar gida, ga kashin tsuntsaye a kan shanya kullum. Na daɗe ina so in gina wa Baba ɗakin bulo mai fanka a wurin, tunda ganinsa ya yi rauni, tsohon ɗakinsa kuma ya fara yoyo. Da na gaya masa bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Gida yanzu a hannunka yake." Na ɗauki wannan a matsayin izini, don abin da nake so in ji ke nan.

Baba a ruga ya tashi. Kiwo ya yi har shanun suka ƙare, sannan ya shigo Bauchi ya zauna a Ƙofar Dumi. Ni ne ɗansa na fari, kuma ya riƙe kunyar nan ta Fulani da hannu biyu: bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. Idan zai ambace ni sai ya ce "wancan". Amma idan an sauko daga sallar asuba yakan shimfiɗa buzunsa a gindin ceɗiya, ni kuma in kawo masa kunu in tsuguna a gefe kafin in wuce shagon ɗinki. A nan ne bakinsa ke buɗewa. Ba ya kallona, sama yake kallo.

"Kurciya ta fara," in ji shi. "Suda ba za ta bari ta kai aya ba. Ka ji ta ko? Bakinta ba ya gajiya."

Ni kuwa rabin hankalina yana kan ɗinkin mutane. Sai in ce "haka ne", in karɓi kwano in tafi. Ban gane cewa duk hirar da ke tsakanina da ubana ke nan ba.

Ɗaki ya yi kyau, ba na ƙarya. Amma washegarin da aka sare bishiyar, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Tsuntsayen kuwa ba nisa suka yi ba. Katanga kawai suka tsallaka, suka sauka a ceɗiyar maƙwabcinmu, wani mai gyaran keken ɗinki da muka yi makarantar allo tare. Da asuba sai ka ji gidansa ya ɗauka, kurciyoyi da suda da 'yan ƙananan nan jajaye da ake kira baiwar Allah, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Mu kuma sai ƙarar fanka, in akwai wuta.

Kwana huɗu Baba ya yi yana zama a bakin sabon ɗakinsa. A rana ta biyar na fito da kunu na tarar babu shi, babu buzu. Ina tsaye da kwano a hannu sai na jiyo muryarsa ta bayan katanga, har da dariya. Dariya fa. Ni da na shekara arba'in da ɗoriya a gabansa, zan iya ƙirga ranakun da na ji ta.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai leƙa cikin maza ba. Na ji haushin mutumin nan har cikin raina, alhali bai yi mini komai ba. Idan muka haɗu a masallaci ya ce, "Maƙwabci, yau Baba ya ba ni labarin yadda carki ke bin shanu," sai in yi yaƙe in ce madalla. Kekena ya lalace a lokacin, na ɗauke shi na kai har kasuwar Muda Lawal wurin wani mai gyaran, don kada in taka shagonsa. Shi kuwa ya ƙara ɓata shi.

Na yi dabaru. Na watsa gero a tsakar gida, na ajiye kasko da ruwa. Kajin unguwa suka gode mini. Daga nan na sayo kanari a keji na rataye a ƙofar ɗakin Baba. Ya saurare shi safiya ɗaya, ya girgiza kai.

"Wannan ba hira yake ba, kiran 'yan'uwansa yake yi," ya ce, ya naɗe buzunsa ya dafa bango ya fita.

Babu wanda ya hana ni binsa. Maƙwabcin ya sha cewa in shigo, tabarma ta ishe mu. Girman kai ya hana ni. In je in zauna baƙo a gidan wani don in ji muryar ubana? Sai na koma aika kunun, ni kuma in jingina da katanga ta ɓangarenmu in kasa kunne. Tsuntsayen nakan ji su tar. Maganar Baba kuwa ba ta tsallakowa, sai dai amonta. Shekara biyu muka yi a haka.

Da ya rasu, maƙwabcin ne ya fi kowa zama da ni wurin karɓar gaisuwa. Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, ya matso kusa da ni.

"Ka san kullum zancenka yake yi?" ya ce. "Ya ce tun kana goye, idan kurciya ta yi kuka sai ka juya kai kana nemanta. Ya ce satin da aka yi sunanka ya kafa reshen ceɗiyar nan, don wancan ya tashi yana jin abin da shi ya ji a daji. Tamu ma daga jikinta mahaifina ya sara."

Na ce, "Bai taɓa gaya mini ba."

"Ai ba zai iya ba. Kai ne na fari."

Ya kamata in gode masa, kuma na gode da baki. Amma abin da na ji a lokacin shi ne, maganar da aka yi shekara arba'in ana ajiye mini, a kunnen wani aka sauke ta. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Da damina ta faɗi ya kawo mini reshe, ba tare da na roƙa ba. Na kafa shi a ɗan filin da ya rage bayan ɗakin Baba. Ya kama, yanzu ya ɗan fi ni tsawo, amma tsuntsu ko ɗaya bai kula shi ba tukuna. Kullum idan na dawo daga masallaci nakan shimfiɗa buzun a gindinsa in zauna. Can bayan katanga kurciya ta fara, suda ta katse ta, sai in ji bakina ya motsa zan ce "haka ne".