Su Ashirin da Uku da Yaya Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe tara da rabi, Allah ya karɓi ran yayana a ɗakin maza na asibitin da nake aikin jinya. Shekarunsa hamsin da biyu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata uku, ya bar ni ƙanwarsa, ya kuma bar wasu mutum ashirin da uku a cikin tsohuwar na'urar gem, waɗanda har yau sun hana ni sakat.

Yaya, an ce in rubuta maka ta'aziyya. Sau uku ina zama da niyyar in yi ta cikin ladabi, amma da na ɗora biro sai faɗa ya fito. Ka yi haƙuri da ni, dama ka saba.

Saboda waɗanda ba su san falonka ba, bari in faɗi irin wasan. Kaset ne guda ɗaya mai ruwan toka, ka saye shi tun kana saurayi, rubutun cikinsa kuma da wani yare ne da babu mai karanta shi a danginmu. Fili ne a fuskar talabijin, an yanka shi gida-gida kamar tayil ɗin ɗaki. Mutum yana da rundunarsa, maharba da masu takobi da matsafa masu jefa wuta, har da wata mai hawa doki mai fiffike. Zai matsar da nasa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya naɗe hannu abokan gaba su matsar da nasu. Babu gudu, babu tsalle. Dokar wasan ita ce duk wanda aka kashe ya tafi ke nan, ba ya dawowa a yaƙi na gaba. Haka muke shigowa mu tarar da kai, ƙaton mutum da furfura, ka yi minti ashirin kana kallon gida ɗaya, shayinka ya huce, ba ka taɓa komai ba.

Masu hankali idan an kashe musu ɗaya suna yin tsaki su ci gaba. Kai ba haka ba. Ko awa uku ka yi kana fafatawa, ko saura sara ɗaya ka gama, da zarar wani naka ya faɗi sai ka miƙa yatsa ka danna maɓallin sake farawa. Shi ya sa wasan da mutane ke gamawa a wata guda ya ɗauke ka fiye da shekara ashirin, kana yi kana ajiyewa. Tun da ba ka iya karanta sunayensu, sai ka raɗa musu naka, ka rubuta a littafin makaranta mai bango shuɗi, kowa da halinsa da inda ya kamata ya tsaya. Wanda ya fi ba ni haushi a cikinsu shi ne wani tsoho mai sulke da kake kira Mai Gadi. A farkon wasa shi ne ƙarfin rundunar, amma daga tsakiya kowa ya wuce shi. Tafiyarsa gida uku ce, saransa ba ya ci. Na sha ce maka ka bar shi a baya ka huta, kai kuma ka ce, "Lokacin da sauran ba su iya riƙe takobi ba, wa ya tsare su?" Ka ji fa, kamar maganar wani ɗan uwa ake yi.

Na daɗe ina ɗaukar abin shiririta, sai ranar da aka kawo sabon inji maɗaba'ar da kake shugaban ma'aikata. Manaja ya ba ka takarda ya ce ka rubuta sunan mutum biyar da za a sallama. Bayan kwana biyu ka mayar masa da ita babu suna ko ɗaya, sai zanen ɗakin aiki da aka yanka gida-gida. Mai yankan takarda ka mayar da shi ɗaurin littafi, mai ɗauri ka kai shi lodi, dattijon da hannunsa ke rawa ka ajiye shi a bakin inji yana duba launi, domin ka lura babu mai idonsa a wurin. Manaja ya yi ta kumfar baki, daga baya ya sa hannu. Tun ranar suke kiran ka Kwamanda. Dattijon nan ya zo gaisuwa, ya zauna a bakin ƙofa har rana ta yi sanyi, sannan ya tashi ya tafi.

To a nan ne raina yake ɓaci, Yaya. Wata takwas ina bin ka a kan kumburin ƙafafunka da hakin da kake yi idan ka hau bene. Na karɓo maka katin ganin likita, ka ce aiki ya yi yawa. Na kawo maka maganin hawan jini, daga baya na tsince shi a aljihun teburin talabijin, cikin wayoyi, ko buɗe shi ba a yi ba. Mutumin da zai sake yaƙin awa uku saboda kibiya ɗaya ta sami maharbinsa, ya kasa ba kansa awa ɗaya a layin likita. Kowa ka lissafa inda zai tsaya don kada a taɓa shi, kanka kaɗai ka manta. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ban ja da wannan ba. Amma ina jin haushinka, kuma ba zan ɓoye ba don ka rasu.

Ranar Litinin da la'asar, kana kwance da robar iska a hanci, ka yafito ni. Na sunkuyo ina zaton wasiyya ce a kan yara.

Ka ce, "Auta, saura yaƙi ɗaya, na gadar nan. Su ashirin da uku ne. Ki ƙetarar min da su, kada ki bar kowa."

Na ce, "Yaya, numfashi kake nema kana min maganar gem?"

"Har Mai Gadi," ka ce. "Ki yi min alkawari."

Na yi alkawarin don ka yi shiru ka huta. Ban san da shi za ka tafi ba.

Bayan baƙi sun watse na fara zuwa gidanka duk ranar da ba ni da aiki. Anti, matarka, ta share min wurin zamanka, ta miƙo min littafin. Sau goma sha ɗaya ina shiga yaƙin nan ana korata. Yau a harbo mai dokin fiffike, gobe matsafin abokan gaba ya ƙone min mai yi wa rundunar magani. Na zagi kaset, na zagi wanda ya ƙera shi, kai ma ka samu rabonka. Abin takaicin shi ne wajen karo na shida na kama kaina ina ba marar lafiya allura, zuciyata tana can tana lissafin gidan da zan tsayar da maharba. Na fara sanin wanda yake da tsoro da wanda yake da garaje. Idan abokan gaba suka fara matsowa, ba na ɗauke ido daga talabijin, don na san kuskuren gida ɗaya ran wani ne, kuma ni na ajiye shi a wurin. Ashe abin da kake kallo ke nan duk shekarun nan da muke maka dariya.

Ranar Asabar da ta wuce, da rana tsaka, na ci yaƙin. Amma ga yadda na ci shi. An taso wa mai magani ta ƙofar hagu, babu kowa kusa sai Mai Gadi, sai na matsar da shi gida ɗaya ya toshe ƙofar. Tsohon nan da na raina ya tsare ta zagaye uku shi kaɗai. A na huɗu ya faɗi. Motsi ɗaya bayan haka mai dokin fiffike ta kashe sarkin matsafan abokan gaba, kiɗa ya tashi, sauran suka ƙetare gada. Sai tambaya ta fito da layi biyu. Na sani daga littafinka cewa na sama yana nufin a adana, kuma wurin adanawa ɗaya ne tak. Idan na danna, wasan ya ƙare, Mai Gadi kuma ya tafi har abada.

Anti ta leƙo da kwandon wanki a hannu. Ta ce, "Auta, wannan kiɗan ban taɓa jin sa ba. Kin ci ne?"

Na ce, "Na ci, Anti, amma Mai Gadi ya faɗi."

Ta dubi talabijin. Can ta ce, "Ashirin da biyu ba kaɗan ba ne. Ki adana ki tashi ki ci abinci. Ana rasa ɗaya a ci gaba. Ba ga mu ba?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ta fi ni sanin nauyin maganar. Ni ma a aikina na rufe idon mutane da yawa, da hannuna na rufe naka, ba a taɓa ba ni zaɓi ba ko sau ɗaya. Na zauna ina kallon layi biyun nan har ƙafata ta yi sanyi. Sannan na miƙa yatsa na danna maɓallin sake farawa, ni da na shekara ashirin ina ce maka wannan hauka ne. Anti ta ce, "Ku dai jininku ɗaya." Ta ajiye kwandon, ta zauna kusa da ni, ta buɗe littafin tana neman abin da ka rubuta a kan ƙofar hagu.

Hukuncin Allah a kanka na karɓa, Yaya, ba ni da ta cewa. Na Mai Gadi ne ban karɓa ba, tun da shi an bar min a hannuna. Alkawarinka yana nan a wuyana, kuma zan koma ranar Laraba.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka kurakuranka har da taurin kan nan, ya haskaka kabarinka. Yadda ba ka taɓa yarda a bar kowa a baya ba, Allah kada ya bar ka a baya ranar da za a ƙetare. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti da 'ya'yanmu uku, da ma'aikatan maɗaba'a da suka rasa Kwamandansu, da duk wanda ya taɓa fakewa a bayanka. Allah ya raya abin da ka bari, ya ba su haƙuri, ni ma ya ba ni, domin har yanzu ban samu ba. Amin.