Basillar Inna

Shekarar da 'yata ta fari ta shiga aji biyu, masu duba haƙori suka zo firamarensu a Kankia. Suna shafa wa yara wani farin abu a kan haƙoran tauna, su haska shi da 'yar fitila ya daskare. Suka ce yana toshe lungunan da abinci ke maƙalewa, don kada haƙori ya yi kogo. Ni da na san azabar ciwon haƙori tun ina budurwa, sai na yi hamdala.

A zuci na yi ta, don 'yar fari ce. Ko sunanta ba na faɗa, balle in nuna damuwa a kanta. Tun yaye tana ɗakin surukata, wadda muke kira Inna.

Yarinya ta dawo tana wage wa kowa baki don a gani. Inna ta kama haɓarta ta leƙa.

"Mi aka liƙa ma ɗiyar ga? Kowane haƙori da tsutsa ciki. An rufe mata ƙofa, ta ina za ta hita?"

Ta ɗauko basillar ɗinkin buhu, ta matse yarinyar tsakanin gwiwoyinta kamar za ta yi mata kitso, ta shiga kankare farin abin. Ina tankaɗe ina jin ƙarar ƙarfe a kan haƙori. Da na ga jini a leɓe na kasa daurewa.

"Inna, ai magani ne," na ce.

Matan gidan suka kwashe da dariya. Wai yau ga marar kunya tana kare 'yar fari. Inna ko kallona ba ta yi ba. Na tsane ta ranar, har yau kuma ban huce ba.

Bayan shekaru haƙorin yarinyar ɗaya ya yi kogo, kumatu ya kumbura. Inna ta kai ta wurin wanzami a Kafinsoli, ya fizge shi da awartaki. Ta ƙullo haƙorin a bakin zane, tana nuna wa maƙwabta ramin, wai nan ne basillarta ba ta kai ba.

Da yamma na dama kunu mai ruwa-ruwa, na faki ido na kai wa yarinyar. Tana kwance da tsumma a baki. Ta zare shi a hankali, ta ture kwanon.

"Ba ni sha. Inna ta ce ke kika so a bar mani tsutsar."