Ƙoshiyar Baba Eli

Bara'u ya sauka a Manchester da jaka ɗaya da rigar sanyin da ba ta tare komai. Karatun injiniya ya kawo shi, ya kama ɗaki a unguwar Fallowfield, gidan wani tsoho, Eli Lamotte. Ba mata, ba ɗa, sai surutu kamar rediyo. Kafin wata guda Bara'u ya koma ce masa Baba. Tsohon kuwa har ya haddace lokutan salla, shi ke buga ƙofa in an makara.

Wata rana Bara'u ya ga ƙoshiyar saƙa a falo, ta sha hannu har ta yi baƙi. Ya ɗauka ya wurga ta daga dama zuwa hagu, yadda kakansa masaƙi ke yi a Kura. Baba ya zaro ido. Ashe nasa kakannin ma masaƙa ne, Huguenot ake ce musu, Kiristocin Faransa da aka kora saboda addininsu shekara ɗari uku da ɗoriya da suka wuce. Da ƙoshiyar nan suka tsallako teku.

Duk shekara ƙaramin cocinsu na taron tunawa da su. A kira sunan gida, wani ya miƙe ya amsa, ya ɗora abin gadonsu a kan tebur. Gidan da aka kira aka ji shiru, an soke shi ke nan.

Aiki ya mai da Bara'u Birmingham, ya yi aure, ya zauna a unguwar Lozells. Amma shekara ashirin da biyu bai taɓa fashin ranar taron ba: ya tuƙo mota, ya sauke Baba a ƙofar coci, ya zauna a mota yana jan carbi. Bai taɓa shiga ba, Baba ma bai taɓa cewa ya shiga ba. In an tashi su tafi shan shayi, tsoho ya yi ta tsegumin fasto. Kai, Bara'u na kewar shayin nan!

Bara Baba ya rasu. Aka aiko wa Bara'u ƙoshiyar a ambulan, ko wasiƙa babu.

"Abban Zuhra, ka aika wa masu cocin ta gidan waya mana," in ji matarsa Rumaisa.

"To wa zai amsa in an kira?"

Ranar taro ya daɗe a mota. Da ya isa ƙofa, bai ankara ba ya tuɓe takalmi, ai ɗakin ibada ne. Haka ya shiga da safa, daɓen dutse na ɗauke masa ƙafa don sanyi, kowa na kallonsa. Aka kira wani gida, shiru, fasto ya ja layi.

"Lamotte."

"Na'am!" Turancin duk ya gudu.

Fasto ya ɗago. "Me kake ga gidan?"

"Babana ne."

Fasto ya dube shi, ya dubi ƙoshiyar, ya ajiye alƙalami ya nuna masa tebur.

Bara'u ya fito ya sa takalminsa. Ya zagaya ya buɗe ƙofar mota ta gefen da Baba ke zama kamar kullum, ya tsaya yana riƙe da ita, sannan ya tuna.