Mayen Cikin Kwali

Mun tashi da asuba daga Ƙaura, mu uku: ni da abokina tela da wani malamin firamare da muke majalisa ɗaya. Tashi dai muka yi, amma ba mu bar tasha ba sai da rana ta ɗaga, don hanyar Shinkafi yanzu ba a yi mata sammako. Sai motoci sun taru a bi juna a jere, kowa bakinsa da addu'a.

Abin da ya fitar da mu kuwa, in na faɗa za ku ce ba mu da aikin yi. Majalisarmu duk Asabar bayan La'asar ludo muke bugawa, har ludon ya gaji da mu. Sai ɗan baffana da ke Shinkafi ya kira ni ya ce an kawo masa tsarabar wasannin Turawa biyu masu ban tsoro, irin na allo da katuna, in zo in zaɓar mana ɗaya, ɗayan na gidansa ne. Tela kuma ya ce in dai za a fita, a dawo ta Zurmi ya gaida mahaifin yarinyar da yake nema, don ana gab da sa rana. Shekara biyu yana bin auren nan kamar ya yi hauka.

Hanya ba laifi, sai ramuka da shingayen bincike. Gero ya yi kai gwanin sha'awa, amma can nesa da titi za ka ga gonaki sun zama ciyawa, ba wanda ya isa ya je. Kuɗin mota ya tashi, wurin zama ya ragu. Ni da wani buhun albasa muka raba kujera, kuma shi ya fi ni samun wuri.

Ranar kasuwa muka tarar a Shinkafi, ba masaka tsinke. Muka sha fura da nono mai kauri wajen wata Bafillatana da ta ƙi ƙara mana sukari, wai zai ɓata mata suna. Gaskiyarta, furar ba ta buƙata.

A gidan ɗan baffana aka buɗe kwalayen. Na farko allon wani tsohon gida ne mai ɗakuna barkatai, kowa da ɗan mutum-mutuminsa, ku haɗa kai ku nemi ƙofa kafin fatalwa ta cim muku. Na biyu allon ƙauye ne, ana raba katuna a kife. Mutum ɗaya zai samu katin wani dodo da ke zaune cikin jama'a kamar kowa, in an rufe ido ya ɗauke ɗaya, sauran su yi ta zargin juna har su gano shi. Malam ne mai karanta mana dokokin. Da ya zo kan sunan dodon ya juya harshe ya kasa, sai ya ce, "Ku bar wahala, maye za mu ce, ya fi sauƙi a baki." Muka yi dariya muka amince. Wayyo, da mun sani!

Tela ya ce na fatalwa, ni na kafe kan na maye, Malam ya ce kowa da gaskiyarsa, halin malamai. Ɗan baffana ya gaji da mu, ya ce mu tafi da duka biyun, wanda ba mu so mu ba direba ya maido.

Mun isa Zurmi bayan Azahar. Tsohon, wato mahaifin yarinyar, ya fita gaisuwa, aka yi mana shimfiɗa a zaure, aka kawo dambu da zogale ya sha ƙuli. Da jira ya yi tsawo, shaiɗan ya raya mini mu gwada wasan mayen. Maƙwabta biyu da suka shigo gaishe mu muka jawo su ciki. Aka rufe ido, aka buɗe, an cinye maƙwabci ɗaya. Na dubi tela, na ga yana ta gyara hula ba dalili. Ni kuwa in na gano abu ba na iya magana a hankali. Na miƙe tsaye na nuna shi da yatsa.

"Wallahi tela maye ne! Ku dubi idonsa, shi ya cinye bawan Allahn nan!"

Ina rufe baki na ji sallama. Tsohon ne tsaye a ƙofa da carbinsa. A cikin gida kuma dakan da ake yi ya tsaya cak.

"Wa anka ce ma maye?" in ji shi.

Tela ya durƙusa, gumi na zuba, kuma don tsabar ruɗewa sai ya ce, "Baba, ni ne, amma yau na fara."

Jama'a, ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba. Kowa ya san a wajenmu maita ba abin wasa ba ce. In aka liƙa wa mutum, har dangin uwarsa sai sun ji a jikinsu, aure kuwa sai dai ya ji ana yi. Malam ya yi ta bayani yana ɗaga katuna kamar mai tallan magani. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya zauna ya ce a raba da shi, ya gani da idonsa.

Aka raba. Ya cinye Malam, ya cinye maƙwabtan nan biyu, fuskarsa ko gezau, yana jan carbi yana taya mu jimami. Ni da tela muka yi ta zargin juna har aka tashi. Sai ya buɗe katinsa a fili, ashe shi ne. Ya yi dariya har da tari, sannan ya haɗe rai ya dubi tela.

"Na gane wasa na, ɗana. Amma mata sun ji, kuma ba su ga kwali ba. Wanga abu kar in ji ya kwana gidan da ɗiyata za ta zamna."

Kafin Magariba muna Ƙaura. Duk hanya tela ya juya mini ƙeya. A tasha na damƙa wa direban Shinkafi kwalin maye da hannuna, ban ma tsaya shawara da kowa ba. Ranar Asabar majalisa ta buga na fatalwa, aka yi ta ihu ana gudu daga ɗaki zuwa ɗaki, ba wanda ya zargi wani. Ita fatalwa ba ta da dangi a gari, ka kira sunanta yadda kake so.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, magana zarar bunu ce. Katin ya koma kwali, kalmar ba ta koma bakina ba. Sai da kakar yarinyar ta aiko mutum har Ƙaura ya binciki asalin mahaifiyar tela, baiwar Allah da ko kaza ba ta taɓa harara ba. Alhamdu lillahi an sa rana. Tela ya yafe mini, amma mahaifiyarsa ta ce ranar ɗaurin aure in yi musu addu'a daga gida.