Ranar da Aka Dakatar da Jirgin Malam Sada

Ko yanzu da na dawo Daudawa ina noma, ban manta da ranar da ofishinmu ya ce jirgin Malam Sada ya fi kowane jirgi haɗari ba. Lokacin ina jami'i a ɗakin sa ido na wata tashar jiragen ruwa a kudu.

Ga yadda aikin yake. Kowane jirgi a tashar yana ɗauke da na'ura mai aiko da sunansa, inda yake, saurinsa da inda ya dosa. Mu kuma muna ganin su a allo kamar ɗigo-ɗigo masu tafiya. Idan biyu suka matsi juna fiye da ƙima, kwamfuta ta rubuta. A ƙarshen zango a tattara, a ga wace hanya ta cunkushe, wane jirgi kuma ke yawan shiga jikin wasu.

Da aka tattara, jirgin Malam Sada ya zo na ɗaya. Shi mutumin Sabuwa ne, ya tsufa a kan ruwa, saura kaɗan ya yi ritaya. Jirginsa ƙarami ne, na jan manyan jirage da tura su har su jingina da gaɓa. Sa hanci a jikin jirgi shi ne aikinsa. A ƙa'ida akan cire irinsa kafin lissafi, amma an sauya masa na'ura, ta zo da sabuwar lamba, ba wanda ya tuna ya sa ta cikin waɗanda ake cirewa. Kowa a ɗakin ya gane, har aka yi dariya. Ashe rahoton ya riga ya hau sama da sa hannun shugaban sashe. Kwamitin tsaro ya karɓe lasisin Malam Sada.

Na je wurin shugaban, na fara bayani daga farko. Ya tsayar da ni.

"Malam Isiyaku, ni ma na sani. Amma abin da ya hau sama da sa hannu ba ya saukowa da baki."

Ya ce sai an rubuta gyara, sannan kwamiti ya zauna, kuma shugaban kwamitin ya tafi kwas.

Malam Sada ya same ni a bakin masallaci, ya ce in gaya masa mi ya yi. Na ce an ce yana matsawa kusa da jirage.

"To da sanda zan riƙa kora su, ɗan Daudawa, kamar shanu a Yargoje?"

Dariya ba ta zo mini ba. Mutumin da bai taɓa gogar fentin kowa ba zai bar aiki da tabo.

Da aka dakatar da shi, jirgin ja ɗaya kawai ya rage, jirage suka taru a bakin mashiga suna jira. Abin da rahoton ke tsoro, shi ya haifar. Wata safiya iska ta taso, ƙugiyar da ke riƙe wani jirgin kaya a ƙasan ruwa ta saki, jirgin ya fara zamewa kan na kusa da shi, ɗayan jirgin jan kuma yana can ciki da wani aiki. Shugaban sashe da kansa ya kira Malam Sada. Malam Sada ya tambaya a matsayin wa zai fita, tunda ba shi da lasisi. Shugaban ya ce don Allah. Malam Sada ya fita, ya shiga tsakani, ya ture jirgin.

Ina kallon allo kwamfuta ta sake rubuta shi, sau biyu, ɗaya ga kowane jirgi.

Da kwamiti ya zauna, an mayar masa da lasisi, tare da gargaɗin ya riƙa ba jirage tazara. Ba wanda ya ce an yi kuskure.

Ku da ke kan allon yanzu, na'ura tana nuna wa ya matso, ba ta faɗin abin da ya kawo shi. Ku tambaya kafin a sa hannu, don a wannan aiki ture jirgi ya fi janye sa hannu sauƙi.