Zaharaddeen da "Mi?" ɗin Baba

Ƙanena Zaharaddeen shekarunsa talatin da huɗu, yana da mata da 'ya'ya uku da shagon gyaran kwamfuta kusa da tashar Goronyo, kuma har yau wasa yake yi. Ni ce Sharifa, yayarsa, malamar Hausa a wata makaranta a Wurno. Ni na goye shi, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa.

Tun yana ƙarami ba ya barin abu yadda ya same shi. Sau uku yana kwance rediyon Baba, sau biyu ta koma magana. Da aka tura shi Sakkwato koyon kwamfuta, ya dawo da takardar shaida da wata tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar tandar masa, a cikinta kuwa akwai wasan da ya shige masa rai. Wasan ya haura shekara ashirin da fitowa. Ana ba ka manoma kaɗan a fili, kai kuma ka danna su ka aike su noma da saran itace da gini, har gari ya kafu, ka tara mayaƙa ku gwabza da garin abokin wasanka. Masu shi sun daɗe da daina kula da shi. Masoyansa ne suka riƙe shi, mutane daga ƙasashe barkatai, suna haɗuwa a wani dandali na intanet, wannan ya gyara shi ya hau sababbin kwamfutoci, wancan ya ƙara masa taswira ko sabuwar al'umma, duk kyauta.

Kada wani ya ɗauka gwani ne. Wallahi ba a taɓa yin ragon mayaƙi irin ƙanena ba! Abokan gaba na ƙone masa ganuwa, shi yana can yana daidaita layin gonaki don kada su karkace. Amma a kwaskwarima, nan kam sai a ba shi hanya. Shekara biyu ya yi, tsakanin gyaran firinta da saka wa mutane manhaja, yana gina ƙasarmu a cikin wasan. Ya zana gulbin Rima da madatsar ruwa, ya sa kwalekwale da jakuna da buhunan albasa. Abin da ya rage shi ne murya, domin in ka danna manomi a wasan yakan amsa da wata 'yar kalma, shi kuwa ya rantse manominsa da Sakkwatanci zai amsa, kuma da muryar mahaifinmu.

Mahaifinmu, Malam Ɗahiru, manomin albasa ne, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Zaharaddeen ya same shi a fadama da hantsi, ya kara masa waya a baki ya ce, "Baba, ka ɗauka wani ya zo shina son ka yi mai aiki. Mi za ka ce?"

Baba ya aje fartanya, ya goge hannu, ya gyara hula, sannan ya fara. "Maraba da baƙo. Ina kwana? Ina gajiya? Ina gida? Ina ɗiya? Kun tashi lahiya? Ina mutanen garinku? Madalla, madalla. Tau, mi za a yi?" Daƙiƙa arba'in cif ya ɗauka.

Ga inda matsalar take: amsar manomi a wasan ba ta wuce daƙiƙa biyu. Sai gogan naku ya zauna ya datse gaisuwar duka, ya bar kalma ɗaya tak, wadda a ganinsa kowa ya ji ya san Basakkwace ne. Ya ɗora aikin a dandali, mutane suka yi ta saukewa suna yaba masa. Kwana uku bakinsa bai rufu ba, matarsa Mahbuba ta ce har a kan tuwo murmushi yake.

Ranar kasuwa Baba ya biyo ta shagon, ni ma ina nan na kawo wayata gyara. Zaharaddeen ya jawo masa kujera da rawar jiki, ya kunna wasan, ya danna manomi.

"Mi?" in ji muryar Baba daga kwamfuta.

Ya danna wani. "Mi?" Ya sake danna wani. "Mi?"

Ni dai tuni na dafe kai. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya sani, in an kira ka "na'am" ake cewa. "Mi?" amsar marar tarbiyya ce, ni kaina na sha ranƙwashi a kanta ina 'yar shekara shida.

"Wagga muryata ta?" in ji Baba, a hankali.

"Taka ta, Baba."

"Mutum nawa sunka ji?"

"Dubu huɗu da 'yan kai," in ji sakaran, har da alfahari.

Baba ya miƙe tsaye. "Ni Ɗahiru, da hurhurata, baƙo shi kira ni in ce mai mi? Na gaishe da mutane gaisuwa ta mutunci, ka sa almakashi ka yanke, ka kai ni ƙasashen duniya kamar wanda ba shi da iyaye! Ko ka maida gaisuwata duka, ko ka hidda ni cikin akwatin ga. Na ba ka har in gama cirar albasa." Ya fita ko sallama bai yi mana ba, abin da ban taɓa gani ba.

Na ba Zaharaddeen shawarar ya je ya ɗauko muryar Baba yana cewa "na'am" kawai. Ya je, Baba ya ce ba zai ƙara yi wa waya magana ba sai an mayar masa da abin da aka yanke. Ƙanena ya damu ƙwarai, na kuma tausaya masa. Zai iya sa muryarsa ko ta wani abokinsa a gama, amma ya ce min shi ba don dubu huɗun nan ya yi aikin ba. So yake bayan shekara hamsin jikokinsa su danna manomi su ji kakansu. In Baba ya ce a goge kuwa, gogewa zai yi, mu ba a haife mu da musu da shi ba.

Ya gwada mayar da gaisuwar duka. Na so kuna wurin! Manomi talatin, kowanne ka taɓa sai ya ɗauko daga "maraba da baƙo", wannan na kan "ina gajiya" wancan ya shigo da "ina ɗiya", shagon ya rikice kamar gidan suna. Wani da ya kawo firinta ya tsaya a ƙofa yana ta amsawa, bai san da wa yake ba.

Sai ya koma dandali ya rubuta musu gaskiya da ɗan Turancinsa: mahaifina ya yi fushi, na yanke masa gaisuwa, a garinmu ba a sa mutum aiki sai an gaisa, ku taimake ni. Wasu suka yi dariya. Amma wata mata 'yar Brazil, wadda ya kasa furta sunanta ya laƙaba mata Zinariya don yawan tara zinariyar da take yi a wasan, ta ce ita ma kakarta haka take. Ta janyo wani dattijo ɗan fansho da ya san cikin wasan ciki da waje. Kwana shida suna aiko gwaji, Zaharaddeen na gwadawa yana mayar musu da abin da ya lalace. A gwaji na biyu jakuna ne suka riƙa gaisuwa.

A ƙarshe suka dace. In wasa ya fara, manomin farko da ka danna zai yi gaisuwar Baba daga farko har ƙarshe, kuma babu manomin da zai ɗaga ƙafa sai an gama. Bayan nan duk wanda ka danna cewa zai yi, "Tau, mi za a yi?" Masu gaggawa suka yi ta ƙorafi, wai daƙiƙa arba'in a farkon wasa asara ce. Zaharaddeen ya ce musu wanda ba shi da daƙiƙa arba'in na gaisuwa ya je ya nemi wasu manoman. Na ji daɗin wannan amsa, ranar na san goyona bai tafi a banza ba.

Sauran kuwa tambaya suka yi: me tsohon yake cewa, kuma me ake amsa masa? Nan aka nemi malamar Hausa. Na rubuta musu ma'anar kowace gaisuwa da amsarta, na ɗauki muryata ina furtawa sannu a hankali. Ban san abin da na tayar ba. Zinariya ce ta fara aiko saƙon murya tana amsa wa Baba, wasu suka bi bayanta, abin ya zama yayi a dandalin. Zaharaddeen ya tara saƙonnin wuri ɗaya, bai gaya wa Baba ba don tsoro.

Ranar da aka loda buhun albasa na ƙarshe, Baba ya zo shagon bayan la'asar, fuska ba walwala. Na baro Wurno musamman, don na san in aka yi gogewar nan ƙanena zai buƙaci wanda zai zauna da shi. Zaharaddeen ya kunna wasan. Gaisuwar ta fito cikakkiya, manoman suna tsaye cik har aka kai "madalla". Baba ya saurara har ƙarshe. Ni kuma bakina ba ya iya shiru, na ce, "Kunna mai saƙonnin mutanen mana!"

Ya kunna. Wata murya ta fito, tana tuntuɓe a kan kowane harafi. "Lahiya lau, Baba Dayiru. Ba gajiya. Gida lahiya. Ina albasa?"

Baba ya matso da kujera. "Wanga wa na?"

"Wani mutum na, ɗan Koriya."

"Albasata yaka tambaya?"

"Ita, Baba."

"Ka amsa mai?"

"A'a. Ai su sittin da ukku na, wasu ma sun kwana tara."

Wayyo, sai ga fushin ya dawo sabo! "Kwana tara! Mutane na gaishe ni kwana tara, ka ƙulle su cikin akwati ba amsa? Kai wane irin yaro na? Miƙo wayar ga."

Ya karɓi wayar da ya rantse ba zai ƙara yi wa magana ba, ya gyara hula, ya fara da ɗan Koriya. Ya gaya masa albasa ta yi kyau bana sai dai tsutsa ta taɓa gefen gabas, ya tambaye shi iyayensa. Ya amsa wa Zinariya, da na ba shi labarin kakarta ya ce ta gaishe ta. Ni ina gefe ina dariya ina share hawaye da gyale, don daɗi ya cika ni. Wajen mutum na goma ƙanena ya yi ƙarfin hali, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Baba, tau, in goge ko in bari?"

Baba ko kallonsa bai yi ba. "Ka goge, in sun zo su iske ba kowa gida? Zamna nan kusa da ni, ka danno na gaba."