Ƙafafun Barsu

Chindo mai lambun albasa ne a fadamar Badaguishiri. Tun da idanunsa suka fara hazo, karensa Barsu ke korar masa awaki, shi ke shiga gaba in za su lambu, Chindo na bin farar jelarsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan suna tare.

Sai Barsu ya fara kasa tashi da safe. Ya yunƙura, ƙafafun baya su ƙi, ya yi ƙara ya koma kwance. Chindo ya gasa masa gwiwoyi da ruwan zafi, ya shafa man kaɗe, har ƙwayoyin da yake sha na ciwon jiki ya daka ya zuba masa a tuwo. Bayan kwana uku, kare ya yi aman jini.

Matarsa Tsahara ta ce, "Malam, ka bar dabbag ga ta huta hakanan."

Wani mai sayen albasa ya gaya wa Chindo wai an fito da allurar sanyin ƙashi ta karnuka, sau ɗaya a wata. Ranar kasuwar Illela ya shirya kai Barsu wurin likitar dabbobi a can, amma direbobi uku suka ƙi ɗaukar kare. A amalanken jaki suka tafi, Chindo na rungume da shi.

Likitar dabbobi, Naja'atu, ta latsa ƙugun Barsu, ta tambayi abin da aka ba shi.

"Baba, maganin mutane na huda cikin kare. Kada ka ƙara."

Chindo ya shafa kan Barsu. "Ni na yi mishi wanga? To ki yi mishi allurar, ɗiyata, don Allah."

"Akwai ta, amma ba mu da ita nan, kuma sai an aje ta cikin sanyi. Zan tambaya a Yamai."

Ta ba shi maganin ciki, ta ce a yi wa kare shimfiɗa mai laushi, a riƙa tattakawa da shi kaɗan kaɗan. Maganin gaɓoɓi kuwa, ta ce sai cikin ya warke.

Bayan mako biyu Barsu ya miƙe yana rawar ƙafa, ya kai ƙofar gida, ya zauna. Iyakarsa ke nan. Allurar ba ta zo ba. Duk Juma'a Chindo kan sa a kira masa Naja'atu a waya, ita kuma ta ce, "Baba, har yanzu ban samu ba."